Tukunyar Yos

Litinin, 3 ga Yuni, shida da rabi na safe

Mun bar tashar jiragen ruwa ta Bitung! Sai da na rubuta na yarda. Shekara goma sha tara ina roƙon a ba ni jirgi in koma wurin nan, yau ga ni a saman bene, iska na cika mini baki, ina dariya ni kaɗai kamar wadda ta zautu.

Mijina Yos yakan ce a fara littafin tafiya kamar mai karantawa bai san komai ba. To, ga shi. A arewa, kusa da tsibiran Sangihe, akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashin teku, ƙoƙuwarsa mita dubu ɗaya da ɗari tara ƙasa da mu. Shekara goma sha tara da suka wuce Yos ya saukar da kyamara a kan igiya, jirgi na jan ta, ta ɗauko hoton wani dogon bututun dutse yana aman baƙin ruwan zafi kamar hayaƙin ɗanyen itace. Hoto ɗaya tak, shi ma dishi-dishi. Ya sa masa suna Tukunya. Sau biyu wasu jirage suka koma daidai wurin da aka rubuta, ba su ga ko murhu ba. Tun daga nan, duk taron da ya shiga sai wani ya tambaye shi ko tukunyar ta tafasa. Ni ina cikin waccan tafiyar, ɗaliba ce ni lokacin, amai kawai na iya.

Kwana goma sha biyu aka ba ni a kan dutsen. Da shi muka tsara komai. Gadon da aka tanadar masa a ɗakin nan na ɗora jakata a kai.

Yayarsa Dorce ta ce in tafi, tana nan tare da shi. Shi ma ya ce in tafi. Ba da baki ba, don tun da ɓarin jikinsa ya shanye magana ta ɗauke masa, amma ya ce.

Talata, 4 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Na ga Ƙaguwa! Haka ake kiran na'urar nutson, girman ƙaramar mota, da fitilu da hannu biyu na ƙarfe. Daga cikin jirgi ake tuƙa ta. Direbarta Tenri ce, 'yar Makassar, gajeriya, bakinta ya fi hannun Ƙaguwa kaifi. Na kai hannu zan shafa fitilar, ta ce, "Yaya Selvi, ido kawai. Ke da dutsenki, ni da 'yata."

Na ce, "In 'yar taki ta samo mini Tukunya, ni zan yi mata kayan ɗaki."

Ta ce, "Ba ta aure. Ta ga yadda maza suke a jirgin nan."

Shugaban tafiyar Pak Wiryo ne, wato Malam Wiryo. Ya yi furfura, amma muryar nan ta mai karanta labarai tana nan. Yana cikin waɗanda suka yi dariya a taron Bandung, na ji shi da kunnena. Yau ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Yaya jikin nasa?" Na ce da sauƙi, na tambaye shi ƙarfe nawa za mu isa.

Laraba, 5 ga Yuni, goma na safe

Ga dutsen nan a allo! Na'urar auna zurfi tana zana shi layi bayan layi, ja a sama, shuɗi a ƙasa. Ya fi dutsen Klabat da muke gani daga tagar gidanmu tsayi, kuma babu masuncin da ya taɓa ganinsa, kullum kuwa suna wucewa ta kansa. Na tsaya awa uku ban zauna ba. Om Nyong, wato Kawu Nyong, mai dafa mana abinci, ya kawo mini soyayyiyar ayaba da yaji har gaban allo, ya ce, "'Yata, ci. Dutsen nan shekara dubu nawa yana zaune, ba yau zai gudu ba."

Saƙon Dorce: ya ci abinci.

Juma'a, 7 ga Yuni, biyar na yamma

Nutso na farko. Awa biyu Ƙaguwa na sauka, ruwa ya tashi daga shuɗi ya koma baƙi ƙirin, sai ga ƙasa. Wayyo daɗi! Narkakken dutse da ya daskare curi-curi kamar an jera matasan kai, wani ya fashe, cikinsa na ƙyalli kamar kwalba. Sabo ne, bai ko yi ƙura ba. Na yi ihu har Tenri ta ce in na ƙara za ta ɗaure ni da igiyar Ƙaguwa ta saukar da ni in gani da kyau.

Mun sauka daidai lambar da ke cikin takardar Yos. Fili ne fetal. Babu bututu.

Ba komai. Fitilar Ƙaguwa ba ta haska fiye da mita goma, kamar mai neman ɗan kunne da ashana a cikin kasuwa. Gobe gabas.

Asabar, 8 ga Yuni, shida na yamma

Gabas babu. Amma mun ga wani kifi mai ƙafa uku a tsaye kamar yana jiran mota.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan ibada

Om Nyong ya ja mana waƙa a ɗakin cin abinci, muryarsa kamar ana jan tebur. Daga nan ya fito da jakar raga ya rataye, ya ce kowa ya fara shirya kofinsa.

Al'adarmu ce, mu masu aikin ƙarƙashin teku. Farin kofin soso ɗin nan na shan shayi a yar, kowa ya yi zane ko rubutu a jikin nasa, a ɗaura jakar a bayan na'ura ranar nutson ƙarshe. Nauyin ruwa zai matse iskar da ke ciki, kofi ya dawo ɗan mitsitsi kamar murfin kwalba. Muna da guda goma sha huɗu a kan kabad a gida.

Na Yos yana cikin safa a jakata. Ana gobe zan taho ya yi ta nuna kofin da aka kawo masa ruwa, ya yi ta nunawa har ransa ya ɓaci, kafin na gane alƙalami yake so. Da hannun hagu ya yi. Ya ɗauki kusan awa, gumi na zuba. Wasu layuka ne karkatattu, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Ya tura mini yana kallona, yana wannan sautin da ya rage masa a madadin magana. Na ce, "Ya yi kyau, Yos, zan saukar maka da shi." Ya juya fuskarsa bango.

Akwai waya a jirgin. Ban kira ba. In na kira ni kaɗai zan yi ta magana.

Ya ci abinci.

Talata, 11 ga Yuni, sha ɗaya na safe

RUƁAƁƁEN ƘWAI!

Mun saukar da kwalaben ɗebo ruwa, ta bakwai da aka buɗe, daga mita dubu ɗaya da ɗari bakwai, wari ya cika ɗakin gwaji. Kowa ya toshe hanci, ni kuwa na tsoma nawa ciki. Wannan warin ba ya fitowa sai daga cikin dutse mai zafi. Ruwan ma ya ɗan yi duhu. Tukunya tana nan! Tana nan kusa, tana hura mana hayaƙi a fuska! Na rungume Om Nyong da ludayinsa, ya ce, "Shekara talatin ina girki, ba wanda ya taɓa rungume ni sai yau da aka ji wari."

Pak Wiryo ya shinshina ya ce, "Igiyar ruwa na iya kawo wannan daga kilomita goma." Gaskiya ne. Haushi na ji don gaskiya ne.

Da Yos na nan da tuni ya ce, "Zafi nawa?" Tambayarsa ke nan a kan komai: shayi, ruwan wanka, goshin yaro, ɗalibin da ya zo masa da labari mai daɗi. Ranar da ya fara ce mini yana sona ma na ce masa, "Zafi nawa?"

Mako bakwai ke nan ban ji ta ba.

Laraba, 12 ga Yuni, tara na safe

Iska. Ba a sa Ƙaguwa a ruwa.

Alhamis, 13 ga Yuni, tara na safe

Iska. Farantai na yawo a kan tebur. Tenri ta cinye ni a kati sau shida, ta ce in daina kallon taga, teku ba ya jin kunyar kowa.

Juma'a, 14 ga Yuni, uku na rana

Iska.

Saƙon Dorce yau ya fi tsawo. Wai sun koma asibiti, ɗakin da ke hawa na biyu, don a ƙara dubawa ne kawai, kar in tayar da hankalina. Ba ta ce ya ci abinci ba.

Na wanke kwalaben gwaji duka. An riga an wanke su.

Asabar, 15 ga Yuni, shida na yamma

Teku ya kwanta, muka sauka kudu. Awa takwas. Mun ga wani tsagi da ruwa ke rawa a bakinsa kamar iskar da ke saman kwalta da rana, farar ƙasa kewaye da shi. Tenri ta cusa sandar auna zafi: digiri tara. Tara! Ruwan randa ya fi shi ɗumi. Amma ruwan wurin digiri biyu ne, don haka akwai wuta a ƙasa, akwai!

Bayan an fito da Ƙaguwa Pak Wiryo ya kira ni gefe. "Selvi, Litinin ce ta ƙarshe. Talata da takwas na safe mu tashi, akwai mutum tara da ke jiran nasu aikin a gaba."

Na ce iska ta ci mini kwana uku.

Ya ce, "Ta ci na kowa." Sai ya sassauta murya. "Kin samu dutse sabo, kin samu ruwa mai wari. Rubuta wannan, ya isa takarda mai kyau. Ki bar wancan hoton ya huta. Ki koma gida wurin mijinki."

Da ya yi mini dariya irin ta Bandung da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 16 ga Yuni, huɗu na yamma

Yamma babu.

Kowa ya sa kofinsa. Tenri ta zana Ƙaguwa da jan baki. Om Nyong ya rubuta sunayen jikokinsa biyar. Ni ban yi nawa ba, na sa na Yos.

Litinin, 17 ga Yuni, biyar da kwata na yamma

Bari in bi a hankali.

Nutson ƙarshe babu komai, wannan ba labari ba ne. Aka fito da Ƙaguwa, Om Nyong ya zazzage jakar a kan tebur, ana ta shewa, kowa na neman nasa. Na ɗauki na Yos, ya koma kamar babban yatsana. Na juya shi.

In kofi ya matse, zanen jikinsa ma matsewa yake, layi ya haɗe da layi, abin da ya karkace ya miƙe. Na san wannan tun ina ɗaliba. Ban taɓa kawo shi a kan wannan kofin ba.

Ba tafiyar kaza ba ce. Jirgi ne, ga hancinsa. Daga bayansa layi ya sauka, ba a tsaye ba, a kwance-kwance, ya zagaya kusan rabin kofin. A ƙarshen layin ɗan akwati. A ƙarƙashin akwatin wani abu dogo da hayaƙi a kansa. A ƙarƙashin jirgin kuwa, ba komai, ya sa gicciye.

Tenri ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yaya, wannan ai kyamarar da jirgi ke ja ce. Tana can baya."

Na ce na sani. Kowa ya sani. Shi ya sa littafin aikin yake da layi biyu, ɗaya na inda jirgi yake, ɗaya na inda kyamara take, wanda ake lissafawa da hannu daga tsawon igiya. Lambar da ke takardar Yos daga layin kyamara aka ɗauko ta.

Ina faɗa na tuna tsohon littafin aikin waccan tafiyar, na tashi na nufi ɗakina.

Litinin, shida da rabi na yamma

Tsohon littafin yana jakata. A ƙasa na tsince shi ranar da Yos ya faɗi, a buɗe kusa da kujerarsa, cikin takardun da suka watse. Na rufe shi na sa a jaka, ban ƙara buɗewa ba, don ba na son tuna ranar.

Shafi na arba'in da ɗaya. Daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana, layin jirgi da layin kyamara lamba ɗaya ce, babu bambancin ko ɗigo. Wanda ke kan aiki bai yi lissafi ba, kwafe lambar jirgi ya yi a layi na biyu, da niyyar ya gyara daga baya. An ja wa wurin layi da jan biro, sabon ja, na Yos.

Rubutuna ne. Bakwai ɗina mai sanda a ciki. Na tuna bokitin da ke tsakanin ƙafafuna ranar, na tuna na ce in amai ya lafa zan gyara.

Shekara goma sha tara ana yi masa dariya. Ni na fi kowa zagin masu dariyar. Ni na dafa masa shayi duk ranar da ya dawo daga taro.

Kuma mako bakwai yana ƙoƙarin gaya mini, ina ce masa ya yi kyau.

Igiya mita dubu biyu da ɗari uku, jirgi na tafiya kudu. Kyamara tana arewa, kilomita ɗaya da ɗari uku. Arewa kaɗai ce ba mu je ba.

Talata, 18 ga Yuni, bakwai na safe

Na yi niyyar in same shi shi kaɗai. Sai na ga in a gaban jama'a aka yi wa Yos dariya, a gaban jama'a ya kamata a ji. Ana shan kunun shinkafa na miƙe, na ajiye littafin da kofin a gaban Pak Wiryo, na faɗi komai. Na ce ba Yos ya yi kuskure ba, ni ce, ga rubutun hannuna.

Pak Wiryo ya jawo littafin gabansa. Ya sa tabarau ya bi lambobin da yatsa. Ya ɗaga kofin ya daɗe yana juyawa.

"Da hagu ya yi wannan?"

Na ce e.

Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Tenri, 'yar taki za ta iya ƙarin nutso ɗaya?"

Tenri ta ce, "Pak, tun asuba take sanye da takalmi."

Ya ce awa shida. Ɗaya daga cikin masu jiran aiki a gaba ya buɗe baki, Om Nyong ya cika masa kwano da kunu ya ce ya sha tun da zafi.

Talata, goma da rabi na safe

Muna ƙasa. Ga wani farin abu a kan duwatsu.

Talata, uku na rana

TUKUNYA! TUKUNYA! TUKUNYA!

Farin abin ƙaguwoyi ne, ɗari-ɗari, sun hau kan juna. Sai jatan lande kamar an zubar da buhun shinkafa. Sai ruwa ya yi hazo. Tenri ta ce, "Yaya, akwai bango a gabana." Ta ja baya ta ɗaga fitila, bangon ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, ja da ruwan ɗorawa da baƙi, mita biyar, goma, sha huɗu, ga kafaɗar nan da ta karkata hagu daidai yadda take a hoton da ke bangon ɗakinmu. A can sama baƙin hayaƙi na tunkuɗowa da ƙarfi kamar ba a taɓa gaya masa babu shi ba.

Ban san me na yi ba. An ce na hau kujera. An ce na sumbaci allo. Om Nyong ya shigo yana buga murfin tukunya da ludayi, matuƙin jirgi ya danna ƙaho sau uku, masuntan da ke nesa suka ɗaga mana hannu ba su san dalili ba. Tenri tana kuka tana zagina wai na girgiza mata hannu, amma ta cusa sandar auna zafi a bakin bututun sarai, lamba ta yi ta gudu a allo.

Pak Wiryo ya tsaya a baya. Can ya ce wa mai rubuta littafin aiki, "Rubuta sunan wurin: Tukunya. Wanda ya gano: Yosias Takaendengan. Sa shekarar farko, ba ta bana ba." Ya juyo gare ni. "Ke kuma duba lambar da ya rubuta. Sau biyu."

Na duba sau uku.

Talata, biyar na yamma

Na kira.

Dorce ta ɗauka, ta ce, "Sai yau? Ƙanwata, sai yau?" Na ce ta zage ni gobe, ta sa masa wayar a kunne. Ta ce idonsa biyu, amma jiya bai san inda yake ba, kar in daɗe.

Na ji numfashinsa. Na ce, "Yos, ni ce. Na ga kofin. Na ga shafi na arba'in da ɗaya. Ni na rubuta, Yos, ni na jawo maka duk wannan, ka yafe mini." Na yi ta maimaitawa, na ma manta da abin da na kira in faɗa.

Dorce ta karɓa ta ce, "Me kike gaya masa ne? Yana ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ɓata fuska. Tsaya, wayar yake so."

Na share hanci na ce, "Mun same ta. Tana arewa, inda ka zana. Mita goma sha huɗu, da kafaɗarta da komai. Tana tafasa, Yos."

Sai wannan sautin, wanda nake gudu tun daga Bitung. Ya yi shi sau ɗaya, sau biyu, yana kokawa da shi. A na uku ya fito, a karkace, amma ya fito.

"Na... wa?"

Na ji Dorce ta saki wani abu ya fashe a ƙasa, tana kiran sunan Yesu, tana kiran ma'aikaciyar jinya.

Na ce, "Digiri ɗari uku da goma sha biyu."

Ya yi dariya da rabin baki, na ji ta.

Laraba, 19 ga Yuni, bakwai na safe

Na kira. Ni kaɗai na yi ta magana, minti arba'in. Ya ci abinci.